Ƙoƙon Farko Rabon Ƙasa Ne

Ni Bounthan, mai dafa giyar shinkafa a bakin kogin Mekong, na rubuta wannan hankalina garau. Ƙafafu ne kawai suka yi mini tawaye. 'Ya'yana, Khamphet da Dokmai, ku karanta tare, ko da kowa ya juya wa ɗan'uwansa ƙeya.

Na ɗaya. Gona ku raba biyu. Kwalekwale na Khamphet ne, tunda ya fi kowa kushe shi.

Na biyu. Tukunyar dahuwa da tuluna na Dokmai ne. Ta san aikin: wuta a hankali, ruwan kan murfi a sauya shi kafin ya yi zafi. Abin da ya fara ɗigowa daga bututun gora, ƙoƙo guda cur, a zubar a gindin murhu. Kakarku takan ce, "Ɗan nan, komai rowarka, na farko rabon ƙasa ne." Na ɗauka camfin tsofaffi ne.

Na uku, shi ne dalilin takardar. Lokacin bikin Dokmai baƙi sun fi giya yawa. Dahuwa bakwai na yi, ƙoƙo bakwai na hana ƙasa. Na tara su a kwalba na ba ƙanena Sithon, mai son giya mai kaifi. Har ya yi dariya ya ce, "Yaya, wannan ai sai ta ta da matacce." Bayan kwana biyu ya daina gani. Ashe ƙoƙon farkon nan guba ne.

Gari ya ce giyar da ango Viengkham ya kawo daga ƙauyensu ce. Na ja bakina na yi shiru. Khamphet, shekara goma sha tara ba ka sa hannu a kwandon shinkafa ɗaya da mijin ƙanwarka ba, kan laifin ubanka. Kafin ƙafafu su ƙi, kullum safe ni ke yi wa baffanku jagora zuwa haikali, ana yabona. Yabon nan ya fi mini zagi ciwo, kuma tsoro ya hana ni magana.

Na huɗu. Khamphet, ka je da ƙafarka ka ɗaura wa Viengkham farin zaren albarka a wuyan hannu, ka nemi gafara, taka da tawa. Ɗakina na baffanku ne. Ku karanta masa takardar nan kafin a ƙona gawata, kada ku tsallake kalma.

Na sa muku albarka. Rumbunku ya cika, jikokina su tashi a tsakar gida ɗaya, kada ku sake rabuwa saboda ni. Idan Sithon ya ƙi zuwa rakiyata, kada ku matsa masa. Idan ya yarda, ɗaya ya riƙe damansa, ɗaya hagunsa. Hanyar akwai gangara.