Kunun Kanwar Rabi

Talata da dare, Cadakori

Barci ya ƙi zuwa. Yau na raka ɗiyata Rabi gidan likita da jaririnta, sai madam mai karɓar haihuwa ta tsura wa ƙafafunta ido. Ta tambaye ni ko muna ba ta kunun kanwa. Na ce wace mai jego ce ba a ba? Ta ce masu bincike sun daɗe da lura cewa kanwa mai yawa da wankan jego mai zafi suna wahal da zuciya, har jiki ya tara ruwa. Ta ce mu bari, gobe mu kai ta Maraɗi a duba.

Tun bisa babur muna komowa gida, yayata Hinda nake gani a raina. Ita ma haka ta kumbura bayan haihuwar fari, har ba ta iya kwanciya, sai a zaune take samun numfashi. Aka ce sanyi ya shige ta, aka ƙara kanwa, aka ƙara wuta ƙarƙashin gado. Ba ta ga arba'in ba.

Da magariba Inna ta shigo da ƙwarya tana tururi. Na ce, "Inna, an hana."

Ta ce, "Sanyi ya ɗauke mini ɗiya guda. Ba ni bari ya ɗauki jikata."

Da wane baki zan faɗa wa tsohuwa ba sanyi ba ne? Na amshi ƙwaryar, na zagaya bayan rumbu na zubar.

Ɗazu na leƙa Rabi, na danna ƙafarta da yatsa. Ramin bai ciko ba. Barci take, jingine da bango, a zaune.