Cibiyar Jikata

Mabou, ranar Talata

Yaya Effie,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya. Yaya gwiwar taki, yaya kuma tarin maigidan? Allah ya ƙara sauƙi.

Catriona ta sauka jiya da hantsi, an samu mace. Kin san irin mitar da na yi da ta ce a gida za ta haihu, a hannun wata ungozoma Shauna, yarinyar da a haife na haife ta. Shekara talatin da ɗaya ina nas a ɗakin haihuwa, amma 'yar cikina ba ta nemi shawarata ba.

Yaya, jaririyar ta fito ba kuka ba motsi, jiki shuɗi, laƙwas kamar jiƙaƙƙen tsumma. Ban san sanda na rarumi almakashi ba, domin abin da aka koya mana ke nan: a yanke cibiya nan take, a ruga da jariri kan tebur. Sai Shauna ta cafke hannuna, ta ce, "Mama, ajiye. Taɓa nan ki ji." Ta ɗora yatsuna a kan cibiyar. Tana bugawa! Ta ce ta nan yarinyar ke rayuwa tukuna, kada in raba ta da uwar kafin huhunta ya buɗe. Na ce, "Ke, kin san da wa kike magana?" Ko kallona ba ta yi ba.

Nan kan gadon ta goge jaririyar da tawul, ta kifa mata robar hura iska a hanci da baki. Catriona na ta kirana, ni kuwa yatsuna na kan cibiya, ina jin bugun yana ja baya. Ban taɓa jin tsoro irin wannan ba. Na ƙudura a raina in yarinyar nan ta tafi, ba zan yafe wa kaina sauraron Shauna ba.

Can sai ƙirjin ya ɗaga da kansa. Sai tari, sai ɗan kuka siriri. Ba a yanke ba sai da cibiyar ta yi fari fat.

Yau tana shan nono, lafiya lau. Ni ce ba lafiya ba. Tun jiya nake tuna waɗanda na yanke wa na ruga da su tebur, ba su koma hannun uwayensu ba. Su huɗu ne, Yaya. Har yau ban manta sunayen uwayen ba.

Ki sa ni a addu'a. Ki gaida yara.

Ƙanwarki,
Morag