Ruwan Sama a Waƙar Hamada

Yaya Gráinne,

Bayan gaisuwa, ina fatan kuna lafiya. Yaya ƙafar Inna?

Faifan farko na ƙungiyarmu ta mawaƙa ya same ni nan Arizona ta Amurka. Ki ce wa mijinki Donncha sun kyauta, kuma wanda ya gaje ni a kaɗa jita ba laifi. Na kunna shi a babbar motar da nake ja, da abokin aikina ya ji ana waƙar hamada sai ya ce, "Kai ɗan Ailan, mutanen nan naku sun taɓa ganin hamada kuwa?" Na ce ko garin Galway na can gida ba su cika wucewa ba.

Lafiyata ƙalau. Zafi ne kawai da rashin abokin hira, amma ana sabawa. Kada Inna ta ji.

An ce Donncha zai goge ƙarar ruwan saman da ta shiga waƙar ƙarshe kafin faifan ya shiga kasuwa, tunda a rumfar shanun Kawu mai rufin kwano suka ɗauka, waƙar kuma ta hamada ce. Don Allah ki hana shi. Hamadar da muka yi ta rera waƙarta, ga ni a cikinta. Ruwan nan nake maimaitawa ina saurara.

Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Fiachra