Muryar da Ke Bayan Labule

Litinin, 6 ga Maris, 1972
Shekara tara ina yi wa Clovis Redmond amshi. Faifai goma sha ɗaya. Yau a sutudiyo ya kira ni gefe, yana gyara zoben hannunsa, wai za mu je Chicago shirin talabijin kai tsaye, amma ni a bayan labule zan tsaya da makirufona. Wata Yvette ce za ta tsaya a gurbina tana motsa baki. Na ce, saboda me? Ya ce, "Haba Arzella, ke ma kin san talabijin ido ne." Ya shafa cikinsa yana dariya, wai shi ma an ce ya rage tuwon masara.
Ban yi dariya ba.

Alhamis, 9 ga Maris
Na ga Yvette ɗin. Doguwa, fara, shekara ashirin da biyu. Muryarta kamar ƙofar da ba a sa wa mai ba. Ta ce mini "Mama". Mama! Shekarata talatin da takwas.

Lahadi, 12 ga Maris
A coci na kasa bin wa'azi. Abin da ke raina: duk Memphis mutum huɗu ne suka san maƙogwaron Clovis ya lalace tun bara. A ƙarshen waƙar nan tasa da mata ke suma a kanta, inda murya ke hawa sama ta daɗe, ba shi ne ke kaiwa ba. Ni ce. Yana buɗe baki, ni ina ɗora tawa a kan tasa, daidai yadda kunne ba zai raba ba. Ban taɓa faɗa wa ko uwata ba.
Allah ya yafe mini, a kujerar coci na gama shirya abin.

Juma'a, 17 ga Maris
Gwaji. Na kai masa muryar lafiya lau har sau uku. Ya ɗaga mini babban yatsa. Ɗaga, ɗan'uwa, ɗaga.
Thurman mai ganga ya same ni ina cin soyayyen kifi a mota, ya ce, "Wannan shirun naki ba na alheri ba ne, Zella. Me kike dafawa?" Na ce kifi nake ci, ba dafawa ba.

Juma'a, 24 ga Maris
Chicago. Sanyi. An ɗinka wa Yvette riga mai ƙyalli, ni an nuna mini kujerar ƙarfe kusa da bokitin shara.

Asabar, 25 ga Maris
Na yi.
Ƙarfe biyu na rana aka fara. Duk amshin na yi shi tsaf, don kada a ce na yi wa yarinyar mugunta, ba ita ce ta yi mini ba. Ta wata 'yar ɓaraka a labule ina kallon bayansa, rigar ta jiƙe da gumi. Ganga ta tsaya, ƙahoni suka ja, ya durƙusa a gwiwa ɗaya kamar kullum, ya ɗaga kai, ya buɗe baki.
Na rufe nawa.
Abin da ya fito kamar zakaran da aka shaƙe. Ya sake gwadawa, ya fi na farko muni. Wata mata a layin gaba ta fashe da dariya, sai wasu suka bi. Ya juyo yana neman inda nake, a gaban duk ƙasar, yana kallon labule kamar yaron da uwarsa ta ɓace masa a kasuwa.
Na ɗauki jakata na tafi tashar jirgin ƙasa. Na ci abinci har da ƙari. Rabon da in ji daɗin abinci haka na manta.

Litinin, 27 ga Maris
Wayata ba ta huta ba. Ban ɗauka ba sai ta Thurman. Ya ce an soke wasanni shida. Ya ce, "Kin harbi mutum ɗaya, mu makaɗansa takwas muka faɗi. 'Ya'yana uku, Zella." Na ce ya je ya gaya wa mai zobe.
Lokacin da aka tura ni bayan labule waye cikin takwas ɗin ya buɗe baki? Ba ko ɗaya.

Laraba, 5 ga Afrilu
Aiki bai tsaya mini ba. Jiya amshin wani sabon yaro daga Arkansas, yau tallar sabulu. A sutudiyo kowa na gaishe ni da ladabi fiye da da. Tsoro ne. Ina so.

Asabar, 8 ga Afrilu
Earline matar Clovis ta tare ni a shagon gyaran gashi. Na shirya zagi. Sai ta zauna kusa da ni ta ce ranar Talata za a yi masa aiki a maƙogwaro, tun bara likita ke binsa yana gudu, yana cewa ai Arzella na nan. Mako shida ba zai yi magana ba, waƙa kuma sai yadda Allah ya yi.
Na ce Allah ya sawwaƙe. Ba ruwana.

Alhamis, 13 ga Afrilu
Na je asibitin. Don in gan shi a kwance na je, ba don komai ba.
Ya rame. Babu zobe, an cire. Sun ba shi takarda da fensir. Ya daɗe yana kallona, sannan ya rubuta: "Da gangan?"
Na ce, "Da gangan."
Ya gyaɗa kai. Ya sake rubutu ya miƙo: "Ko shirun naki bai kauce wa kiɗa ba." Ya so ya yi dariya, zafi ya hana shi, hawaye suka zubo. Na miƙa masa hankici don ba na son kallo.
Na jira ya rubuta a yi haƙuri. Bai rubuta ba. Ni ma ban ce ba.
Earline ta tafi ɗauko yara a makaranta, babu kowa, ga jarida ajiye a kan gado ya kasa ɗagawa. Na karanta masa labarin dambe. Wajen awa biyu. Har yanzu ina jin haushinsa, in rubuta wannan kada in manta.
Ma'aikaciyar jinya ta ce ana shiga dubiya daga ƙarfe goma zuwa huɗu. Ban tambaye ta ba, ita ta faɗa. Gobe aikina sai ƙarfe uku zai fara.