Inna ta daina kiran sunana

Damagaram, daren Talata

Barci ya ƙi zuwa. Tun da zazzaɓin nan ya saki Inna, kanta ya rikice. Kawu ya taso daga Mirriya, ya nace iska ce. Lokotoro, wato likita, ya ce a'a, garkuwar jikinta ce ta gama da ƙwayar cutar ta juyo kan ƙwaƙwalwa, shi ya sa ake ta ɗura mata magani ta jijiya.

Ni ce 'yar farinta, ba ta taɓa faɗin sunana ba. Amma a ciwon nan sai "Hadiza, Hadiza," har da riƙe mini hannu.

Yau na kawo kunu, ta kau da kai, ta ce wa ƙanwata, "Gaya wa waccan ta ajiye."

Kowa ya yi hamdala, kunya ta dawo, hankali ya dawo. Ni ma na yi, wallahi. Sai dai kunnena ya ƙi daina jira.