Jakar mamaciya tana hannuna, wata ake tuhuma

Saƙo daga wata 'yar uwa a wannan gurup, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'ar wannan gida, maza da mata. Don girman Allah duk wanda ya karanta ya ba ni shawara tsakaninsa da Ubangijinsa, domin yau kwana tara ke nan na rasa yadda zan yi. Sunayen da zan ambata duk na canza su.

Ni 'yar Gaya ce, nan aka haife ni, nan nake aure, 'ya'yana huɗu. Sana'ata gyaran tsofaffin jakunkunan fata na mata, irin na iyayenmu da kakanninmu, masu geza da aikin dukawa, da kuma na gwanjo masu kyau waɗanda suka kwana biyu. Na fara ne da jakar Innarmu da na tsinta a ƙasan akwatinta ta bushe ta yi tauri, na goge ta, na shafa mata man kaɗe kaɗan-kaɗan har ta yi laushi, na sa hotonta a sitatus, sai ga mutane suna tambaya ko ta sayarwa ce. Daga nan abu ya zama sana'a. Na koyi cire fumfuna da tsumma da ɗan ruwan tsami, na koyi farke shafin ciki in sake ɗinka sabo, na sayi basilla da zare mai kakin zuma, wani tsohon baduku a kasuwa ya nuna mini yadda ake mayar da gezar da ta tsinke. Wasu nakan sayar wa kwastomomina na Kano da Abuja, waɗanda kuma suka shiga raina nakan ajiye, yanzu haka akwai sha ɗaya a jere cikin durowar gilashi a ɗakina, a da idan na gaji da hayaniyar yara nan nake zama in kalle su in ji sanyi.

Wadda take samo mini mafi kyawunsu yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya, zan kira ta Yaya Talatu. A Toranke take aure. Mace ce mai shiga jama'a, kowa ya san ta, kuma tana cikin matan da ake kira idan an yi rasuwar mace su yi wankan gawa, ta fi shekara goma tana yi, har alfahari muke yi da ita a dangi. Duk bayan wani lokaci sai ta zo mini da jaka ɗaya ko biyu a leda, ta ce tsofaffi ne suke ba ta, wata ta musanya da kula ta abinci, wata da atamfa, wata ma kyauta ta bayar don ta gaji da ajiya. Wallahi ban taɓa kawo komai a raina ba. Yayata ce.

Kusan wata guda da ya wuce ta kawo mini wata jaka, jar fatar akuya, aikin hannu irin na mutanen gabas, da zane baƙi da kore a murfin, tunda nake wannan sana'a ban riƙe mai kyanta ba. Amma ina kwance ledar sai da na ja da baya. Zarni ne ya buge ni, irin na shimfiɗar majinyacin da ya daɗe a kwance, ga fumfuna ta yi mata fari a gindi, cikinta busasshen goro da aka tauna aka tofar, da ƙwan kyankyaso a lungunan ɗinki, da wani tabo a gefe wanda har yau ba na so in san ko na mene ne. Na tambaye ta ina ta samo wannan, ta ce wata tsohuwa ce ta jefar a bayan ɗaki ta tsinto. Ni dai na saba da ƙazantar tsofaffin kaya, na sa safar hannu, na ɗaure hanci da ɗankwali, na kakkaɓe ta a tsakar gida, na shanya ta a inuwa kwana biyar, na bi ta da goge-goge har warin ya tafi, na yi ta ba ta mai tana sha. Da ta fito sai ka rantse jiya baduku ya gama ta. Don murna na ɗauki hotonta na sa a sitatus.

Shafin ciki na bari a ƙarshe, saboda ya ruɓe. Ina farke shi da reza sai na ji wani abu mai tauri a kusurwa. Wani ɗan ƙulli ne na farin ƙyalle da aka ɗinke da hannu a tsakanin shafin da fatar. Na kwance, sai ga 'yan kunne na zinare guda biyu, irin na da masu nauyi, da wani tsohon katin asibiti a ninke. Na karanta sunan da ke jiki, Falmata, garinta Toranke. Na san Ya Falmata, gidansu bai da nisa da na Yaya, asalinsu mutanen Barno ne amma tun kakanni suke nan suna noma, kuma na san ta rasu, Yaya da bakinta ta gaya mini ita ta yi mata wanka.

Washegari na hau adaidaita na tafi Toranke, ban ɗauki jakar ba. Na sami Yaya tana tankaɗe, na ce mu shiga ɗaki. Da na faɗa mata abin da na gani, na ɗauka za ta musa, ko ta yi kuka, ko ta ce kuskure ne. Abin da ya fara fitowa daga bakinta shi ne, “Zinare? Ashe da gaske ne! Ina kika ajiye su?” Na ce Yaya ba wannan na zo ji ba, ta yaya jakar ta zo hannunki. Ta karkaɗe garin hannunta ta ce, “A ƙarƙashin matashinta take. Da aka fitar da kowa za mu yi wanka na sa ta cikin hijabi. To ke Ƙanwata, wanda ya mutu me zai yi da jaka? Da na bari ma ƙonawa za su yi da tsummokaran jinya.”

Jama'a, gawar tana kwance a gabanta, ko rufe ta ba a gama yi ba. Da hannun da ta zare jakar, da shi ta wanke baiwar Allah, ta fito tana share hawaye ana ce mata sannu da aikin lada. Ni kuma na zauna kwana da kwanaki ina shafa wannan jaka, ina shinshina ta in ji ko warin ya tafi, warin jinyar matar da na sani. A bakin ƙofar Yaya na durƙusa na yi amai.

Na tambaye ta sauran da ta riƙa kawo mini fa, ta ce wasu an ba ta, wasu kuma ba za ta iya tunawa ba. Haka ta ce, ba za ta iya tunawa ba. Daga nan muka kaure da faɗa ƙasa-ƙasa don kada mutanen gidan su ji. Na ce ta ci amanar matattu da rayayyu, ta ce ni ce zan yi mata wa'azi, ni da na sayar da su na yi wa 'ya'yana ɗinkin salla. Ta ce in na tona ta tare za mu faɗi, don ba wanda zai yarda ban sani ba. Ta ce mu raba 'yan kunnen kowa ya ɗauki ɗaya a rufe magana, ai ma maganar ta riga ta mutu tunda sun ɗora wa matar ɗan marigayiyar.

A nan na ji abin da ya fi komai tayar mini da hankali. Ashe kafin Ya Falmata ta rasu ta gaya wa 'ya'yanta mata cewa ta ɗinke zinarenta a cikin jakarta, a ba jikarta idan za ta yi aure. Bayan sadakar uku aka nemi jaka aka rasa. Wadda take kwana da tashi a ɗakin ita ce Hauwa, matar ɗanta, ita ta yi jinyarta shekara biyu, ita take juya ta, ita take wanke mata shimfiɗa, 'ya'yan cikinta kuwa sai ranar Juma'a suke leƙowa. Sai suka ce ba wanda zai ɗauka sai Hauwa. Aka zazzage akwatunanta a tsakar gida a gaban mutane, ba a ga komai ba, suka ce ta riga ta fitar. Mijin ya ce ta je gidansu a Kademi har a ga abin da hali zai yi, ta tafi ta bar yara uku.

Ban iya komawa Gaya kai tsaye ba, sai na shiga gidan su Ya Falmata da sunan gaisuwa, tunda ban samu zuwa ba lokacin rasuwar. Babbar 'yar marigayiyar ta karɓe ni hannu biyu, ta kawo mini ruwa, ta yi ta yi wa Yaya addu'a, wai ba su da bakin gode mata, ta yi wa mahaifiyarsu wanka kamar uwarta. Sannan ta ce, “Kin ji abin da Hauwa ta yi mana ko? Ranar arba'in za a zauna da manya, ta dafa Alƙur'ani. In ta ƙi, ɗan'uwanmu ya ce shi ya gama.” Na riƙe kofin ruwan nan na kasa sha, na ce Allah ya bayyana gaskiya, ta ce amin, ni kuwa gaskiyar tana cikin durowata a Gaya.

Tun daga ranar ban sake taɓa fata ba. Akwai odar mutane uku a ajiye, na ce musu ba ni da lafiya. Durowar gilashin nan na lulluɓe ta da zanin gado, don duk wadda na kalla sai in riƙa tambayar kaina daga ƙarƙashin kan wa aka zaro ta, waɗanda na sayar kuwa suna can a kafaɗun mata ana zuwa biki da su. Hannuna ma na wanke shi ya fi a ƙirga, har yanzu ji nake kamar yana wari.

Na yi tunanin in ba wani ya jefa jakar ta katanga ba tare da an san daga ina ta fito ba. Amma in aka yi haka cewa za su yi Hauwa ce ta ji tsoron rantsuwa ta aiko da ita, ka ga na ƙara tabbatar mata da sata ke nan. Kuma jakar ba yadda suka san ta take ba, ta sha gyara tana ƙyalli, shafinta a farke, kaf Gaya da Ajingi kuwa kowa ya san wa take wannan aiki. Ga hoton da na sa a sitatus, na goge shi amma ya kwana, ban san idon wa ya gani ba.

Na gaya wa maigidana. Ya ce zinaren nan haƙƙin magada ne, ko kwana ɗaya bai so ya ƙara a gidansa, in shirya ya raka ni mu kai wa ɗan marigayiyar, in faɗi yadda aka yi ba ragi. Na ce Yaya fa? Ya ce Yaya ita ta zaɓa wa kanta. Shi abin da sauƙi a wurinsa, ba 'yar uwarsa ba ce. Ni na san in wannan magana ta fita, Yaya ba za ta sake ɗaga kai a Toranke ba, aurenta ma ban san ko zai tsira ba, ga babbar 'yarta an sa mata rana bayan salla, yarinya mai hankali da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. Duk gidan da Yaya ta taɓa shiga wanka sai sun tashi sun fara lissafin abin da suka rasa. Innarmu kuma hawan jini gare ta, har yanzu ban gaya mata ba, kullum cewa take yi Talatu ce za ta wanke ta in ta mutu. Ina jin haka sai in tashi in bar wurin.

Amma kuma in na yi shiru, Hauwa fa? Ko ta rantse ta kuɓuta, a bakin mutanen garin ɓarauniya ce har abada, 'ya'yanta su tashi ana nuna su. Mace ta yi shekara biyu tana kwashe kashi da fitsarin uwar mijinta, sakamakon da za ta samu ke nan, ni kuma ina riƙe da abin da zai wanke ta.

Na kira Yaya sau biyu na roƙe ta ta je da kanta ta faɗa, ko ta sami wani malami dattijo ya shiga tsakani a yi abin a rufe, ta ce in daina damunta, in zinaren ne ya tsone mini ido in riƙe duka. Arba'in ɗin jibi ne. Ɗazu da hantsi ina cikin rubuta wannan sai ga saƙon muryarta ya shigo, na ɗauka ta sauko ne, na buɗe da sauri. Cewa ta yi an yi rasuwa a Kademi, wata tsohuwa ce mai rufin asiri, an aiko a ɗauke ta a mashin ta je ta yi wanka, in ta dawo za ta biyo ta wurina.

Don Allah 'yan uwa ku gaya mini abin da zan yi. In bi maigidana gobe in kai jakar in ambaci sunan yayata da bakina? Ko akwai hanyar da za a wanke Hauwa ba tare da na kashe Innarmu da baƙin ciki ba? Malaman da ke cikin gurup ɗin nan, sauran jakunkunan da ban san masu su ba, da waɗanda na riga na sayar, yaya zan yi da su? Sannan mutanen Kademi, da yanzu haka suka fita daga ɗaki suka bar ta ita da gawar uwarsu, in kira su ko in yi shiru?