Wane Gari Ne Sunanka

Asabar, 5 ga Maris, 1977
An kawo sabbin Koriyawa kamfanin gina hanya. Ni aka ba aikin iƙamarsu, wato takardar izinin zama a ƙasa. Kowa a ofis "Kim" yake kiransu gaba ɗaya, ni ma haka. Ɗaya ya tsaya a kaina, wani dattijo mai auna ƙasa, ya ce shi ba Kim ba ne, Dokgo ne. A fasfo Tokko, a kwantiragi Dokko, a hularsa kuma an raba shi biyu. Na tambaye shi wanne ne daidai. Ya ce in ɗauki wanda na ga dama, abin da ya dame shi garin ne.

Litinin, 7 ga Maris
Da guntun Turancinmu ya fahimtar da ni. A wajensu kowane sunan dangi yana da garin tushe, ko mutum bai taɓa taka shi ba. Nasa Namwon. Ya ce su kaɗan ne, kuma ana cewa daga Sin kakansu na farko ya fito. Sai ya ce, "Kai fa, Abdulghani? Wane gari ne sunanka?" Na ce Jidda. Othman direba, Bahaushen Sudan, ya kece da dariya: "Wallahi har da wani Jidda! Kakanka ne ya haƙa tekun?"
Ban sani ba ne. Shekara arba'in ban taɓa tambaya ba.

Laraba, 9 ga Maris
Goggo Barakatu, ƙanwar Baba, ta zo bakin ofis daga unguwar Ruwais da kwanon fura. Gaban mudir, shugaban ofis, ta ɗaga murya: "Ɗan yayana, ka wuni lafiya?" Na amsa da Larabci. Na ce, "Halas, ya hajja, ajiye nan." Kamar 'yar talla.
Ta ajiye. Dokgo ne ya sunkuya mata har ƙasa, ya riƙe mata ƙofa.

Alhamis, 10 ga Maris
Furar tana nan. Ta yi tsami.

Juma'a, 11 ga Maris
Goggo kaɗai ta rage cikin waɗanda suka taso da ƙafa daga ƙasar Hausa. In ta rufe baki, shi ke nan. Na je gidanta bayan masallaci. Ta ce wa jikarta, "Gaya wa Balaraben nan hajja tana barci." Ina jin ta tana daka citta.

Juma'a, 18 ga Maris
Na koma, na tafi da 'yata Luba. Na durƙusa na gaishe ta da Hausa, na mayar da kwanon a wanke. Ba ta dube ni ba. Luba ta jawo jikinta, ta ce, "Ke zan gaya wa, ubanki kunnensa na haya ne." Garinmu, in ji ta, Babura. Gidan marina, kusa da wata tsamiya. Ta sa yarinyar ta maimaita har ta daina cewa "Baboora".

Lahadi, 20 ga Maris
Babu wani abu yau. Zafi, takardu. Dokgo ya zo karɓar iƙamarsa, mudir yana tsaye, ya sake tambayar nan tasa. Bakina ne ya riga ni, ina ji: na ce Babura. Othman ya ce ashe haka nake da murya.
Yanzu duk inda muka haɗu sai Bakoriyen nan ya sunkuya ya ce "Mista Babura". Ya kamata in hana shi. Ba gobe ba dai, aiki ya yi yawa.